Tara fokas a hoton ƙananan abubuwa: tambayoyin da masu farawa suka fi yi

Duk wanda ya fara ɗaukar hoto daf da daf, na ƙwari ne, na furanni ne, ko na zobe da sarƙa don masu sayarwa, sai ya ci karo da matsala guda: idon ƙuda ya fito tar, amma fukafukinsa da ƙafafunsa sun yi dishi-dishi. Tambayoyin da ke ƙasa su ne waɗanda ke ta dawowa a bakin masu neman maganin wannan. Na farko-farko na mai shigowa ne, na can ƙasa kuma na wanda ya riga ya gwada ya ga abin da bai gane ba.

1. Mene ne tara fokas, kuma me ya sa ake yin sa?

Dabara ce ta ɗaukar hotuna da yawa na abu guda ba tare da an sauya tsayuwa ba, fokas na kowane hoto, wato wurin da ke fitowa tsaf, ya ɗan gusa gaba da na bayansa, sannan a ba manhaja ta tsinto wurin da ya fito tsaf a kowanne, ta haɗe su su zama hoto ɗaya. Kamar yankan albasa ne sala-sala: kowane hoto sala guda ya kama, manhaja ce ke mayar da su dunƙule.

Dalili kuwa shi ne, gwargwadon yadda ka matso kusa, gwargwadon yadda kaurin wurin da ke fitowa tsaf yake sirancewa. Idan girman abu a kan sensa, wato ɗan farantin da ke kama hoto a cikin kyamara, ya yi daidai da girmansa na zahiri, wato abin da ake rubutawa 1:1, kuma ƙofar haske, ramin da haske ke bi a cikin lensi, tana f/8 (gwargwadon girman lambar, gwargwadon ƙanƙantar ramin), kaurin fokas bai wuce kusan milimita 1 ba a kyamara mai cikakkiyar sensa ta 36 da 24 milimita. Ƙudan gida kuwa tsawonsa milimita 6 zuwa 7 ne. Idan ya fuskance ka, kansa kaɗai za ka samu. Wannan ba laifin lensi ba ne, ba kuma rashin iyawa ba ne, haka haske yake aiki.

2. Me zai hana in matse ƙofar haske zuwa f/22 ko f/32 in huta?

Za ka samu ƙarin kauri, amma za ka biya da kaifin hoton gaba ɗaya. Idan haske ya bi ta ƙaramin rami yakan bazu, kowane ɗigo ya zama ɗan tabo, sai ƙananan gashi da zanen ido su narke. A hoton kusa abin ya fi muni, domin lambar da kyamara ke nuna maka ba ita ce ke aiki ba. Lissafin shi ne a ninka lambar da ninkin girma haɗe da ɗaya. A 1:1, f/8 tana aiki ne kamar f/16, f/22 kuma kamar f/44. A ninki biyar, f/4 kanta ta zama f/24. (Kyamarorin Nikon da lensinsu na makro, wato na ɗaukar hoto daf da daf, sukan nuna lambar da ke aiki kai tsaye, don haka mai Nikon ya lura kada ya yi lissafin sau biyu.)

Ko ka yarda da wannan asara, ribar ba ta taka kara ta karya ba. Daga f/8 zuwa f/16 a 1:1, kauri ya tashi daga milimita 1 zuwa kusan 2. Har yanzu ƙudan bai shiga ba. Tara fokas yana ba ka damar tsayawa a inda lensi ya fi kaifi, ka samo kaurin daga yawan hotuna.

3. Wane kaya ne dole, wane ne zai iya jira?

Na dole huɗu ne: kyamarar da za ka iya saita haske da fokas ɗinta da hannu, hanyar matsowa kusa (tambaya ta 4), madogara mai ƙafa uku ko wani abu mai nauyi da zai riƙe kyamara kyam, da kwamfuta mai manhajar haɗawa (tambaya ta 11). Idan babu rimot, agogon jinkiri na daƙiƙa biyu da ke cikin kyamara ya wadatar.

Layin matsawa mai inji, wanda ke tura kyamara gaba kaɗan-kaɗan, irin StackShot na kamfanin Cognisys ko WeMacro kaya ne masu kyau, amma ba na ranar farko ba ne. Mutane da yawa sukan kashe kuɗi a kansu tun kafin su san ko suna buƙata, alhali har zuwa 1:1 zoben fokas na lensi yana yin aikin. Idan akwai ɗan kuɗi a hannu, a ganina madogara mai ƙarfi da filasha sun fi cancanta da shi.

4. Ba ni da lensin makro. Zan iya farawa?

Ƙwarai kuwa. Hanya mafi sauƙi ita ce zobban ƙarin tazara da ake sawa tsakanin kyamara da lensi. Babu gilashi a cikinsu, nesanta lensi kawai suke yi daga sensa. Ƙarin girman da suke bayarwa shi ne tsawonsu a raba da tsawon lensi, saboda haka milimita 50 na zobe a bayan lensi mai 50mm zai kai ka wajen 1:1. Saitin Kenko da aka fi sani yana da zobba na milimita 12, 20 da 36, jimla 68. Ka nemi masu wayoyin lantarki a jiki, in ba haka ba ba za ka iya sauya ƙofar haske ba a lensin zamani.

Hanya ta biyu gilashin da ake maƙalawa a gaban lensi. Raynox DCR-250 ya yi suna a nan: idan ka sa shi a gaban lensi mai 200mm, za ka samu kusan ninki 1.6. Ta uku ita ce kifa lensi, gabansa ya koma jikin kyamara ta hanyar zobe mai araha. Tsohon lensi mai zoben ƙofar haske na hannu ya fi dacewa da wannan, kuma gajere, kamar 28mm, ya fi 50mm ƙara girma. In hali ya samu daga baya, Tamron 90mm, Canon 100mm, Nikon 105mm da Olympus 60mm duk suna kaiwa 1:1, Laowa 100mm kuma yana kaiwa ninki biyu.

5. Da me ya kamata in yi gwajin farko?

Da abin da ba ya motsi, ba ya sheƙi, ba shi da gashi. Ƙwayar wake, kwanson gyaɗa, busasshen barkono, tsakuwa, ko ɗinkin hula. A cikin ɗaki, a kan tebur mai nauyi, fanka a kashe, taga a rufe. Kada ka wuce 1:1, kuma ka nufi hotuna goma zuwa ashirin. Burin gwajin farko shi ne ka ga yadda salar fokas ke tafiya daga gaba zuwa baya, ka kuma gane inda ka tsallake. Furen da ke lambu da gizo-gizo a saƙarsa su jira tukuna, domin idan sun ɓaci ba za ka san ko iska ce, ko hannunka, ko manhaja ba.

6. Zoben fokas zan riƙa juyawa, ko kyamarar zan riƙa matsarwa?

Ya danganta da girman abin. Idan ya kai girman fure, agogon hannu ko takalmin jariri, juya zobe ya fi. Matsar da kyamara gaba ɗaya santimita da yawa yana sauya mahangar, abin da ke gaba ya rufe wani sashe na baya daban da yadda ya rufe a hoton farko, kuma manhaja ba ta iya daidaita wannan da kyau. Juya zobe yana ɗan sauya girman abu daga hoto zuwa hoto, amma wannan sauyi ne mai sauƙi da kowace manhaja ke gyarawa.

Daga 1:1 zuwa sama, layin matsawa ne ke karɓar aiki. Tazarar ta yi ƙanƙanta ga yatsu a kan zobe, kuma wasu kayan ma ba su da zoben fokas na gaske. Canon MP-E 65mm, wanda ke tafiya daga ninki 1 zuwa 5, da Laowa 25mm mai ninki 2.5 zuwa 5, zobensu girma yake sauyawa, fokas kuwa sai da matsawa. Haka lensin da aka kifa. Idan layin na hannu ne, ka san nawa yake tafiya a murɗi guda, ka yi masa alamomi, kuma ka riƙa tafiya fuska ɗaya kawai. Komawa baya a tsakiyar aiki yana kawo ɗan sassauci a zaren noti, tazarar ta rikice.

7. Nawa ne tazara tsakanin hoto da hoto, kuma hotuna nawa nake buƙata?

Nan ne aikin yake, kuma nan ne aka fi faɗuwa. Dole kowace sala ta hau kan ta bayanta, kada a bar gurbi. Abin da ba a ɗauka ba, babu manhajar da za ta ƙirƙiro shi. Ga ƙiyasin kaurin fokas a cikakkiyar sensa: a rabin girma da f/8, kusan milimita 3, a 1:1 da f/8, kusan milimita 1, a ninki biyu da f/5.6, rubu'in milimita. A ninki biyar da f/4, kusan 0.06 na milimita. Idan sensarka ƙarama ce, irin APS-C, ka ɗauki kashi biyu cikin uku na waɗannan. An yi wannan lissafi ne don hoton da za a kalla a matsakaicin girma. Mai son ya zuƙo hoto a allo ya ga kowane gashi, ya raba su biyu.

Tazararka kada ta wuce kashi biyu cikin uku na kaurin. Misali, ƙwayar wake mai zurfin milimita 8 a 1:1 da f/8: ka ɗauki tazarar rabin milimita, hotuna 16 ke nan, ka ƙara biyu a gaba biyu a baya, su zama 20. Ka fara daga ɗan gaban wuri mafi kusa da kai, inda babu abin da ya fito tukuna, ka ƙare bayan wuri mafi nisa. Ƙahon ƙwaro da ke miƙe wajen lensi shi aka fi mantawa, sai an gama haɗawa a ga tsininsa a dushe.

Idan kana shakka, ka ƙara yawa. Hoto goma na rara 'yan daƙiƙu ne ga kwamfuta, gurbi ɗaya kuwa sake aiki ne daga farko.

8. Yaya zan saita kyamara?

Komai da hannu, komai a kulle: ƙofar haske, saurin shota (tsawon lokacin da haske ke shiga), ISO (ƙarfin karɓar haske na sensa), daidaiton fari (saitin launi), da fokas. Duk abin da aka bar wa kyamara ta zaɓa, za ta iya sauya shi a tsakiyar jeri, hoto ɗaya ya fi ɗan'uwansa haske ko ja, haɗin ya fito da dabbare-dabbare. ISO ya zauna a 100 ko 200. Ƙofar haske f/5.6 zuwa f/8 a wajen 1:1, a ƙara buɗewa idan girma ya ƙaru, bisa dalilin da ke tambaya ta 2. A kashe mai hana girgiza idan kyamara tana kan madogara.

Sai girgiza. A kyamara mai madubi, ɗagawar madubin kanta tana rawar da hoto, don haka a yi aiki da allon baya ko a kulle madubin sama. Shota ta lantarki ta fi kowa natsuwa. Bayan kowace taɓawa a dakata daƙiƙa biyu zuwa uku. Daɓen siminti ya fi katako, kuma idan janareta na aiki kusa da bango ko babbar mota na wucewa, za ka ga rawar a allo in ka zuƙo. Ka bar fili a gefen abin da kake ɗauka, saboda bayan daidaitawa gefunan sukan lalace, sai an datse su. Wata dabara mai amfani: ka ɗauki hoton tafin hannunka kafin kowane jeri, don ka san inda wani ya ƙare wani ya fara.

9. Hasken rana, fitila, ko filasha?

Abin da ake nema shi ne hasken da ba ya sauyawa daga hoton farko zuwa na ƙarshe. Hasken taga yana da kyau, amma gajimare na wucewa zai ɓata jeri mai tsawo. Fitilar LED tana ba ka damar ganin inuwa kafin ka ɗauka, sai dai tana buƙatar shota mai jinkiri, kuma masu araha suna ƙyafta ido ta yadda shota ta lantarki ke kama ratsi-ratsi. Inda wutar lantarki ke hawa da sauka, mai batir ko mai caji ta fi wadda ke jone da soket. Filasha ita ce ta fi maganin girgiza, domin walƙiyarta a ƙaramin ƙarfi, kamar 1/16 ko 1/32, gajera ce ƙwarai. A saita ƙarfinta da hannu, a kuma ba ta lokacin cikowa tsakanin hotuna.

Ko wanne ka zaɓa, ka tausasa shi. Jikin ƙwari da ƙarfe suna mayar da haske mai zafi, kuma irin wannan tabo mai ƙuna yakan kumbura idan ya fita daga fokas, ya zama hazo a haɗin. Farar takarda shara-shara da aka lanƙwasa a kan abin, ko farin kofin roba da aka yanke gindinsa, sun isa. Abin tausasawar ya kasance kusa da abin da ake ɗauka, fitilar kuma ta ɗan ja baya.

10. Kyamarata tana ɗaukar jerin da kanta. Shi ke nan na huta?

Ka huta da juya zobe, ba ka huta da sauran ba. Olympus ta kawo wannan a E-M1 cikin 2015, inda kyamara ke iya ɗaukar har 999 a jere, ko ta haɗa takwas da kanta. Nikon D850 ta 2017 tana ɗaukar har 300 a ƙarƙashin sunan Focus Shift Shooting, amma haɗawa sai a kwamfuta. Canon ta sa Focus Bracketing a EOS RP cikin 2019, R7 kuma tana haɗawa a ciki. Sony ta biyo baya da a7R V a 2022. Fujifilm da Panasonic ma suna da nasu.

Sai da lensi mai injin fokas yake aiki, don haka lensin hannu da wanda aka kifa ba sa ciki. Lambobin tazara na 1 zuwa 10 da ke cikin saitin ba milimita ba ne, ma'aunin kamfani ne kawai. Ka fara da ƙaramar lamba, ka gwada a kan rula da aka jingine a karkace, ka ga ko akwai gurbi. A wasu kyamarori filasha ba ta tashi a wannan yanayi. Kuma ko da kyamara ta haɗa maka, ka ajiye hotunan asali, saboda haɗin cikin kyamara JPEG ne kuma ba a gyara shi.

11. Wace manhaja zan yi amfani da ita?

Idan kana da Photoshop, ka fara da shi: Load Files into Stack, a daidaita su da Auto-Align Layers, sannan Auto-Blend Layers da zaɓin Stack Images. Ya isa ga hotuna goma zuwa ashirin na abu mai sauƙin siffa. Da sun yi yawa yakan yi nauyi, kuma yana barin facin dushewa inda gashi ya gitta gashi. Affinity yana da Focus Merge, wanda ya fi sauƙin bi.

Manhajoji biyu ne aka gina musamman don wannan aiki. Helicon Focus, na wani kamfani da ke Kharkiv a Yukren, yana da sauri sosai kuma yana karɓar RAW, wato ɗanyen fayil ɗin da kyamara ba ta sarrafa ba. Zerene Stacker, wanda Rik Littlefield ya rubuta a Amurka, ya fi jinkiri, amma masu ɗaukar ƙwari suna son sa saboda yadda yake riƙe gashi da kuma kayan gyaransa. Dukansu suna ba da gwajin kwana 30 kyauta, saboda haka ka tanadi jeri biyu ko uku kafin ka sauke su, ka ba kowanne abu guda ka kwatanta. Na kyauta zalla akwai Picolay da CombineZP a Windows, da Enfuse ga wanda bai tsoron rubuta umarni.

12. Mene ne bambancin PMax da DMap, ko A, B da C?

Hanyoyi ne na yanke shawarar wane hoto ne ya fi kaifi a kowane wuri. DMap na Zerene da B na Helicon suna zana taswirar zurfi ne, kowane ɗigo su ɗauko shi daga hoto guda. Launi yana fitowa yadda yake, santsin fure ko ƙarfe ba ya lalacewa, amma suna rikicewa inda abubuwa suka hau juna. PMax da C suna tsintar bayani a matakai daban-daban na girma, suna kama gashi da ƙaya da suka sarƙe, sai dai suna ƙara tsananin haske da duhu, suna kuma fito da tsaki-tsakin da sensa ke sawa a hoto. A na Helicon matsakaici yake ɗauka, ya dace da gajeren jeri.

Ƙwararru ba sa zaɓar ɗaya. Sukan haɗa da duka biyu, su ɗauki na taswirar zurfi a matsayin tushe, su shafo gashi da gefuna daga ɗayan da burushin gyara.

13. RAW ko JPEG, kuma kwamfutata za ta iya?

Don koyo, JPEG mafi inganci ya wadatar, kuma ya fi sauƙi ga ƙaramar kwamfuta. Don aikin da za a buga ko a sayar, RAW. A gyara hoto ɗaya, a kwafa gyaran ga sauran duka ba sauyi, a fitar da su TIFF, nau'in fayil da ba ya rage inganci. Kada a ƙara kaifi kafin haɗawa, a bar shi zuwa ƙarshe. Zerene TIFF da JPEG yake karɓa. Ka sa ido a kan wuri: TIFF guda mai bit 16 daga kyamara mai megafiksel 24 yana kaiwa megabait 144, ɗari sun haura gigabait 14. Helicon da Zerene suna bin hotunan ɗaya bayan ɗaya ne, shi ya sa suke tafiya a kwamfutar da Photoshop zai tsaya cak.

14. Na haɗa, amma akwai ratsi, hazo da ɗige-ɗige. Me ya faru?

Idan ratsin dushewa ne ke bi a jere tsakanin wurare masu kaifi, tazara ta yi faɗi. Koma tambaya ta 7, a sake ɗauka. Idan ƙaho ko ƙafa ya fito biyu-biyu, abin ya motsa ko kyamara ta gusa. Wani lokaci akan ceto shi ta hanyar shafo wurin daga hoto guda.

Hazon da ke kewaye gefen abu ya fi wuyar sha'ani, kuma ba koyaushe laifin manhaja ba ne. Lokacin da fokas ya kai kan abin da ke baya, abin da ke gaba ya dushe ya kumbura, ya rufe ɗan wurin da ke gefensa. Babu hoto ko ɗaya a jerin da ya ga wannan wuri sarai. Yakan tsananta idan abu mai haske yana gaban mai duhu, ko tazarar da ke tsakaninsu tana da yawa. Ana rage shi da ɗan matse ƙofar haske, da juya abin yadda sassansa ba za su hau juna sosai ba, da bango mai launi ɗaya da aka nesanta. Ragowar sai gyaran hannu. Ga jeri mai tsawo, akan haɗa shi kashi-kashi, goma-goma ko ashirin-ashirin, a yi gyara daga waɗannan maimakon laluben hotuna ɗari.

Ɗige-ɗigen da suka ja layi kuwa ƙura ce a kan sensa. Tana zaune wuri guda, amma manhaja tana sauya girman kowane hoto don daidaitawa, sai ɗigo ɗaya ya zama jela. Hoton kusa yana tona ƙurar da hoton biki ba zai taɓa nunawa ba. A lokacin hunturu, sa'ad da ƙura ke shiga ko'ina, ka hura sensa da abin hurawa na roba kafin ka fara, ka sauya lensi kyamara na kallon ƙasa, ka kuma share abin da za ka ɗauka da burushi mai laushi.

15. Ƙwari masu rai fa, a waje?

Ana yi, kuma a nan ne daɗin yake, amma sai hannu ya faɗa da abin da ba ya motsi. Lokacinsa sassafe ne, musamman da damina, kafin rana ta ɗumama su. Mazari, fara da malam-buɗe-littafi sukan kwana a kan ciyawa, su zauna shiru da raɓa a jikinsu, iska ma ba ta taso ba. Ana sa kyamara a ɗauka a jere, a jingina gwiwar hannu a ƙasa ko a riƙe reshen da hannun hagu lensi na kan wannan hannun, a matsa gaba a hankali ana ɗauka. Filasha a ƙaramin ƙarfi don ta iya bi. Hotuna biyar zuwa goma sha biyar sun isa, kuma ka yi jerin fiye da sau ɗaya, domin yawanci akan samu wanda ƙaho ya motsa a ciki.

Ba na goyon bayan kashe ƙwaro ko sa shi a firji don hoto kawai. Matattu suna nan a bakin taga da ƙarƙashin fitilar waje, ƙwaron wake kuma yana cikin buhu. Idan matacce ka ɗauka, ka faɗa, kada ka ɗora shi a ganye ka nuna kamar mai rai. Haka idan za ka shiga gasa, ka karanta ƙa'idarsu a kan haɗa hotuna, ka bayyana cewa tarawa ka yi.

16. Da waya za a iya?

Za a iya, gwargwado. Sensar waya ƙarama ce, kaurin fokas ɗinta ya fi na babbar kyamara, saboda haka hotuna kaɗan take buƙata. Ana neman manhajar da ke ba da fokas na hannu. Open Camera ta Android, wadda kyauta ce, tana ɗaukar jerin fokas da kanta a wayoyin da suka ba da dama. A kafe wayar a madogara, a maƙala mata ƙaramin gilashin makro, a kwashe hotunan zuwa kwamfuta. Ga mai tallan zobe, agogo ko duwatsun ado a intanet, wannan ya isa ya fitar da kaya tsaf daga gaba zuwa baya.

17. Dole ne komai ya fito tsaf daga gaba har baya?

A'a. Hoton da komai nasa ya yi kaifi yakan rasa zurfi, ido ya rasa inda zai sauka. Sau da yawa kai da ƙirjin ƙwaro sun isa, sauran jiki ya narke a hankali. Matsalar ita ce idan ka tsaya a tsakiya, kaifi yakan yanke farat ɗaya, abin da ido bai saba gani ba. Maganinsa a ƙara hoto ɗaya ko biyu a ƙarshen jeri da ƙofar haske a matse, kamar f/16, tare da daidaita haske, don sauyin ya zo da laushi. Mai aikin kimiyya ko mai tallan kaya yana son komai ya bayyana. Mai neman kyan hoto shi ne zai yanke inda zai tsaya.

18. Idan ina son wuce ninki biyar, me ke gaba?

Daga nan an shiga gilashin madubin likita. Akan ɗauko na ninki goma, na Nikon ko Mitutoyo, a ɗora shi a gaban lensi mai 200mm da aka saita a nesa mafi nisa. Wasu suna amfani da Raynox DCR-150 a madadin lensin. A wannan mataki kaurin fokas bai kai maikiron 10 ba, maikiron kuwa kashi ɗaya ne cikin dubu na milimita. Kan tururuwa mai zurfin milimita 1 zai ci hotuna fiye da ɗari. Layin mai inji ya zama dole, haka tebur mai nauyi da filasha.

Don a ga inda abin ke kaiwa, Levon Biss, mai ɗaukar hoto ɗan Ingila, ya baje kolin aikinsa mai suna Microsculpture a 2016 a gidan tarihin halittu na Jami'ar Oxford. Ya raba kowane ƙwaro kashi kusan talatin, kowane kashi da haskensa, kyamara na matsawa maikiron 10 a kowane ɗauka, hoto guda ya fito daga hotuna kusan 8,000. Kafin ka sayi irin wannan gilashi, ka tabbata kana fitar da jeri mai tsabta a ninki biyu ko uku, kuma ka duba tazarar aikinsa: na Mitutoyo yana barin fiye da santimita 3 tsakaninsa da abin da ake ɗauka, wanda ke ba da wurin shigar da haske, yayin da masu araha da yawa suke barin santimita ɗaya ko ƙasa da haka.